Safar da Goggo Ta Bari Babu Babban Yatsa

Ranar Talata, sha uku ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Goggona, yayar mahaifina, wadda ma'aikatan kamfanin kwano suka fi sani da Goggo Mai Kwarashi. Ina bakin inji aka turo maigadi ya kira ni. Tun daga nesa na ga ya tuɓe hularsa ya riƙe a hannu, sai na kashe injin ban jira ya buɗe baki ba. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Goggo, kin fi kowa sanin ban yi nisa a karatu ba, tunda ke kika sha raka ni makaranta ina zillewa, bayan rasuwar mahaifiyata da kika ɗauko ni kika haɗa da 'ya'yanki. Amma tun ranar da muka rufe ki mutane ke ta ba da labarin safar hannun nan, kowa da yadda ya ji, wasu har da ƙari. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na gani da idona, ko da zai ɗauke ni kwanaki.

Ga wanda bai san wurin aikinmu ba, kwanuka da farantan ƙarfe muke bugawa. A ƙuryar ɗakin aiki akwai wani babban inji da muke kira Kura. Mutum zai sa faifan ƙarfe a bakinsa da hannu, ya janye hannun, ya taka feda, sai kan injin ya sauko da nauyin da ya fi na mota ya mayar da faifan kwano. A da akwai ragar ƙarfe a gabansa, wadda in ba a rufe ta ba injin ba ya sauka. To, buɗewa da rufewa na cin lokaci. Shekara huɗu da suka wuce, mai kula da sashenmu, wanda muke kira Agogo saboda ba ya iya gama gaisuwa bai duba tsintsiyar hannunsa ba, ya sa aka kwance ragar, wai za a kai ta gyara. Gyaran bai taɓa ƙarewa ba. Kowa ya san inda take. An kwantar da ita a kan kwata a bayan sito, ana takawa ana wucewa.

Ke kuwa rumfarki na jikin katangar kamfanin, dab da ƙofa. Fiye da shekara ashirin kina nan kina saƙa hulunan jarirai da safa da jakunkuna, ma'aikata na saya wa iyalinsu. Babu wanda bai taɓa zama a bencinki ba. Wanda maɓallin rigarsa ya cire ke ce, wanda ya yi faɗa da matarsa ma ke ce.

Dogo, abokin aikinmu, shi ne na farko da Kura ta taɓa. Yatsu biyu ta ɗauke masa a hannun dama. Da ya warke aka mayar da shi shara. Saboda tabon yakan yi masa zogi da sanyin safiya, kuma mutane na yawan kallo, sai ya sayi safar hannu a kasuwa. Yatsu biyu na safar suka zama wofi suna reto, ya lanƙwasa su ya ɗaure da roba. Ina zaune a rumfarki ranar da kika hango shi.

Kika ce, "Kai Dogo, zo nan. Kunnuwan zomo ne ka ɗaura a hannu?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya zo. Kika kwance robar, kika zare safar, kika ɗora hannun nan a kan kwali kamar mai ɗora jariri a tabarma. Kika bi gefensa da fensir a hankali. Da kika iso wurin dungun ba ki yi sauri ba, ba ki kau da kai ba. Bayan kwana uku kika miƙa masa safa shuɗiya mai yatsu uku, wurin da babu yatsa kin rufe shi tsaf kamar haka Allah Ya halicci hannun. Dogo ya sa, ya buɗe hannu ya dunƙule, sai ya juya ya fuskanci katanga ya daɗe bai juyo ba.

Ashe guda biyu kika saƙa. Ɗayar kika rataye a igiyar da ke gaban rumfa, tsakanin hulunan jarirai. Da maigadi ya tambaye ki dalili, kika ce, "Samfur ne. Wane mai sana'a ne ba ya rataye samfurin aikinsa?"

Cikin shekara huɗu samfurin nan ya kai tara. Wata mai yatsu huɗu, wata uku, wata ta hagu mai launin ƙasa babban yatsa kaɗai gare ta. Kowane mutum shi ke zaɓar launin zarensa. Ba ki rubuta suna a jikin ko ɗaya ba, ba ki karɓi komai a hannun kowa ba, amma duk wanda ke shiga ƙofar nan ya san wace ce ta wa. Wasu daga cikin masu su an sallame su tuni, hannayensu dai na nan a igiya suna kaɗawa in iska ta taso.

Akwai ranar da samarin sashenmu suka zo da zafinsu, suka ce ki ba su safar su soke a sanduna su tare ƙofa. Kika ba su wurin zama, kika bari suka gama. Sannan kika ce, "Ba tuta na saƙa ba. In kuka ɗaga su sama da ihu, ihun za a ji, babu wanda zai tsaya ƙirga yatsu." Suka tafi suna gunaguni, ɗaya ma ya ce tsufa ya sa ki tsoro. Kullum da safe motar manaja takan rage gudu a tudun da ke bakin ƙofa, daidai gaban igiyarki, ke kuma kullum sai kin ɗaga kai kin ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe." Shekara huɗu gilashin motar nan bai sauka ba, ke kuma ba ki fasa gaisuwar ba.

Abin ya canja ne a ƙarshen watan Yuni, da wasu baƙi masu sarin kayanmu suka zo ganin kamfani. Wata mata a cikinsu ta tsaya a gaban igiyar. Na ga bakinta na motsi, tana kallon safar tana taɓa yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta shiga. Washegari Agogo ya fito da kansa.

Ya ce, "Iya, ki sauke tsummokaran nan yau."

Kika ce, "Sannu da fitowa, ɗana. Wacce ce ba ta yi kyau ba in gyara?"

Ya duba agogonsa ya koma ciki. Ranar Litinin aka ɗauke ni daga wurin shirya kaya a kwali, inda na yi shekara shida ko ƙwarzane ban samu ba, aka tsayar da ni a bakin Kura. Agogo ya matso kusa da kunnena saboda ƙarar inji, ya ce, "In Goggonka ta gaji da shanya, ka zo mu yi magana."

A nan ne zan nemi gafararki a gaban kowa. Da aka tashi aiki ranar na zo rumfarki raina a ɓace, na faɗa miki maganganun da ɗa ba ya faɗa wa uwa. Na ce kina neman suna da hannayen mutane. Na ce matata na da tsohon ciki, ba ni da wani wurin zuwa in na bar aikin nan, ke kuma kin zauna a inuwa kina wasa da zare. Kika bar ni na zazzage duka, kwarashinki bai tsaya ba. Da na yi shiru kika ajiye shi.

Kika ce, "Hannunka ne, ba nawa ba. Ga igiya nan. In ka ce a sauke, a sauke, kuma wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Sai dai ka sani, in sun ɗauke ka daga bakin Kura, ɗan wata za su sa."

Na tashi na kama ƙullin igiyar. Ta Dogo ce ta farko a jere, rana ta cinye shuɗin har ya koma toka-toka. Na tsaya riƙe da ƙullin nan ban san tsawon lokacin ba. Daga baya na sake shi na dawo na zauna.

Sai kika jawo kwali da fensir kika ce, "Kawo hannun."

Ba a taɓa zana lafiyayyen hannu a kwalin nan ba. Na ce, "Goggo, mugun fata kike yi mini?"

Kika ce, "Rufe mini baki, kuma ka daina motsi, kana ɓata mini layi."

Da koren zare kika fara. Kika saƙa wuyan hannu, kika saƙa tafi, kika kai daidai inda yatsu ke farawa, sai kika tsaya. Kika soke kwarashin a jikinta, kika rataye ta a ƙarshen igiya, ta goma, ƙwallon zaren na reto a ƙasanta.

Kwana talatin da tara na yi a bakin Kura babu raga. Wanda bai tsaya a wurin ba ba zai gane ba. Faifan na zuwa da maiƙo, yana santsi. Ƙafa da hannu dole kowanne ya san lokacinsa, kuma bayan awa biyar sukan fara mantawa. Na koyi in janye hannu har ya taɓa ƙirjina kafin in taka, Agogo na bayana yana cewa ina yanga kamar mai rawa. Da safe in na zo gaishe ki ba fuskata kike kallo ba. Da yamma in na fito sai in ɗaga hannuwana biyu a buɗe tun daga bakin ƙofa, ki ƙirga da ido, ki gyaɗa kai, ki koma kan saƙarki. Ban san wanda ya fara kwaikwayona ba, amma kafin mako biyu duk ma'aikacin da ya fito sai ya ɗaga miki hannuwa a buɗe ya wuce. Mutum ɗari da wani abu, babu mai cewa uffan. Masu shaguna na tsallaken titi har fitowa suke yi kallo.

A kwana na goma sha ɗaya faifai ya maƙale. Na kai hannu in gyara, ƙafata ta motsa da kanta. Allah Ya tsare, bakin hannun rigata kawai injin ya datse. Na naɗe hannun rigar don kada ki gani. Da na fito kika ƙirga yatsu kamar kullum, sannan kika ce in tuɓe rigar in ba ki. Kika ɗinke ba ki tambaye ni komai ba, amma sau biyu allura ta soke ki. Tun ina yaro nake kallon hannunki a kan aiki, ban taɓa ganin haka ba sai ranar. Daga nan na daina tunanin cewa a inuwa kike zaune.

A kwana na goma sha bakwai motar manaja ta rage gudu a tudun nan, ta ƙi wucewa. Ina isowa ke nan, na tsaya kusa da maigadi. Manaja ya fito, ya bi igiyar da kallo tun daga ta Dogo har ƙarshe.

Ya ce, "Mama, wannan me ya hana ki ƙarasa ta?"

Kika miƙe da ƙyar saboda gwiwa, kika ce, "Ranka ya daɗe, ban san yatsu nawa zan saƙa ba. Sauran taran nan sai da aka gama aka kawo mini. Wannan ta ɗan ƙanena ce. Na ce bari in jira in ji daga wurinku."

Kika share masa benci da gefen mayafinki. Bai zauna ba. Abin da na lura da shi kawai, ya zura hannuwansa biyu cikin aljihu, kuma bai fito da su ba har direba ya buɗe masa ƙofa.

Mun ɗauka gobe za a mayar da raga. Abin da ya zo bayan kwana biyu takarda ce, wai rumfarki a filin kamfani take, a tashe ta cikin kwana uku. Kika kwashe kayanki da kanki, kika yi wa masu ɓalle kwanon rufi sannu, har kina ce musu su kula da ƙusa. Samarin nan suka ce ai dama sun faɗa. Washegari da safe sai ga ki a tsallaken titi, kan 'yar kujera, ƙarƙashin babbar laima, safa goma a maƙale da fil a kewayen bakinta. Motar manaja dole ta bi ta gabanki kafin ta karya kwana. Kika ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe."

Damina ta yi nisa a lokacin, ke kuma dama kina fama da ciwon ƙirji tun bara. Yaya, babbar 'yarki, ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "In wani abu ya sami tsohuwar nan, kai ne." Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Na zo na durƙusa a gabanki a bakin titi, ruwa na zuba, na roƙe ki ki koma gida, na ce na yafe ragar. Kika ce, "Haihuwa shida ba ta ba ni tsoro ba, sai yayyafi? Tashi ka shiga, Agogo na can yana shan wahalar duba hannu." Kika yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa.

Ranar da aka kwantar da ke a asibiti na taho aiki ina tunanin yadda zan tarar da wurin babu kowa. Sai na hango laimar a buɗe. Dogo ne a ƙarƙashinta, ƙafafunsa sun yi wa kujerar tsawo, ya ɗauki hutun da bai da tabbas za a bar shi ya dawo daga gare shi. Da motar ta zo na ji shi yana cewa, "Barka da asuba, ranka ya daɗe." Washegari mai safar nan ta babban yatsa ɗaya ne ya zauna. Haka suka riƙa karɓa-karɓa, babu wanda ya tsara musu.

Ranar Alhamis, takwas ga wata, wajen ƙarfe goma, masu walda biyu suka shigo. Suka je bayan sito suka ɗago ragar daga kan kwata, suka kankare tsatsa, suka ɗaura ta a gaban Kura, suka haɗa wayar da ke hana injin sauka. Ba a tara mu ba, ba a yi sanarwa ba. Agogo na tsaye har suka gama, bai duba hannunsa ko sau ɗaya ba. Wasu na cewa baƙuwar nan ce ta yi magana, wasu na cewa manajan ne da kansa ya kasa jurewa. Ban ga abin da ya faru a ofis ba, don haka ba zan rubuta shi ba.

Da aka fita hutun rana na ruga asibiti. Kina kwance da robar iska a hanci, Yaya na gefenki.

Kika ce, "Ka gani da idonka, ko labari ka ji?"

Na ce, "Na taɓa ta, Goggo. Har yanzu warin kwata take yi."

Kika rufe ido kika daɗe leɓunanki na motsi. Da kika buɗe kika ce, "To, je ka karɓo mini safarka a wurin Dogo."

Ranar Juma'a kika saƙa ƙaramin yatsa, aikin da a da ba ya kai ki rabin awa, ranar sai da ya cinye yini. Asabar mai bi masa, Lahadi na tsakiya. Yaya ta ce ki kawo ta taya ki, kika buge mata hannu. Litinin da la'asar kika gama manuni, kika sa na zura hannuna. Ta zauna daidai, babban yatsana kaɗai ke tsirara a waje. Kika murza shi kamar yadda kike murza mini kunne ina ƙarami, kika ce, "Wannan gobe. Shi ne mai taurin kai, irin mai shi." Wannan ce maganarki ta ƙarshe da ni. Da safe aka tarar da safar a gefen matashinki, kwarashin a soke a gindin babban yatsa.

Duk mutum taran sun zo jana'izarki, biyu daga garuruwa masu nisa. Da aka ɗaga hannu ana yi miki addu'a na buɗe ido na duba sahu. Kowannensu ya sa tasa.

Bayan kwana uku Yaya ta kira ni ɗakinki. Ta ce in yafe mata maganar da ta faɗa, na ce ni ne da neman yafiya. Ta miƙo mini jakarki. A ciki akwai kwalaye goma da zanen hannu, da laimar a naɗe, da wata 'yar hula fara da kika saƙa wa ɗan da ba a haifa mini ba tukuna, ban san lokacin da kika yi ta ba. Yaya ta ce za ta ƙarasa babban yatsan. Na ce a'a, ta dai koya mini. Sau huɗu ina warwarewa. Wanda na bari a ƙarshe ya karkace kamar bakin buta, da kina nan da kin ce in ba kare ya yi wasa da shi. Amma yatsu biyar ne, Goggo, kuma da hannun da kika zana nake rubuta wannan.

Ragar na nan. Kowace safiya kafin in kunna inji sai na bi notocinta huɗu da yatsa na ji ko an taɓa. Agogo ya fara cewa kwanukan da muke bugawa sun ragu, jiya ma na ji shi yana faɗa wa wani cewa ragar na ƙara, da alama tana bukatar gyara. Na gaishe shi na wuce. A wurin Yaya na koyi cewa saƙar kwarashi, in ka sami bakin zaren ka ja, warwarewa take yi cikin sauƙi. Ranar da aka sake kwance ragar nan, zan warware yatsu biyar ɗin har zuwa tafi, in soke kwarashinki a jiki, in buɗe laima a tsallaken titi. Dogo ya ce kujerar na ɗakinsa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Yadda ta rufe tabon bayinKa ba ta kau da kai ba, Ka rufe nata kurakuran. Ka ba ta littafinta a hannun dama, Ka sa Aljanna ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyya ga Yaya da ƙannenta biyar, da jikokinta, da mahaifina wanda ya rasa yayarsa kuma har yau bai iya shiga ɗakinta ba. Ina yi wa Dogo da 'yan'uwansa takwas ta'aziyya, da maigadi, da duk wanda ya taɓa ɗaga mata hannu a bakin ƙofa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya tsare hannun duk wanda zai tsaya a bakin inji gobe da safe. Amin.